Muryar Tsofaffi Biyu a Cikin Diskin da Na Gajiyar

Dakoro, ranar Laraba.

Zuwa ga Uwata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki da sunan da nake kiranki tun ranar suna, tunda sunan mahaifiyata aka ba ki kuma bakina bai iya faɗinsa. Allah ya kai ki Yamai lafiya, ya tsare ki a hanya da masauki, ya haɗa ki da malaman jami'a masu tausayi.

Ordinatar ɗina, wato kwamfutar aikina, ba ya gidan rediyo kamar yadda na gaya miki. Yana Maraɗi tun ranar Asabar, a shagon wani mai gyara da ake kira Lawali. Diskin SSD da kika sa mini da hannunki shekara uku da suka wuce ya daina karɓar rubutu. Wani ɓangare na abin da ke cikinsa yana buɗuwa, wani ba ya buɗuwa. A ciki akwai muryar tsoho Sambo da tsoho Ɗan Ladi, kuma babu kwafinta a ko'ina. Zaman sulhun da za a saurare ta saura kwana tara.

Gobe da safe za ki hau mota. Kwana huɗu ke nan ina neman bakin da zan gaya miki wannan, ban samu ba, shi ya sa na rubuta na ba innarki ta sa miki a jaka. Na yi shekaru ina rubuta kurakuran mutane a jarida, da suna da rana da wuri. Zan bi nawa da wannan ma'auni.

Bari in fara da muryar, don ki san nauyin abin. Shekara biyu da suka wuce na je wani ƙauye a kan hanyar Kornaka don shirin da nake yi a rediyo a kan burtali. Na zaunar da tsofaffi biyu a tabarma ɗaya: Sambo, makiyayi, da Ɗan Ladi, manomi, wanda gonarsa ke iyaka da hanyar rijiya. Sun yi hira ta minti hamsin da biyu. Can wajen ƙarshe Ɗan Ladi da bakinsa ya faɗi inda burtalin ya bi zuwa rijiya, daga gindin gawo har suri, ya faɗi faɗinsa, Sambo kuma ya ce haka ne. Minti goma na farko kawai na saka a rediyo. Maganar iyaka na cire ta, don kada ta ta da ƙura.

Su biyun duk sun rasu. Bana ƴaƴan Ɗan Ladi sun shuka hatsi a kan wurin, sun ce gonar ubansu ce har bakin rijiya. Altine, babban ɗan Sambo, sai ya yi dogon zagaye kafin shanunsa su sha ruwa. Babu mai son faɗa a cikinsu. A gaban maigari ɓangarorin biyu suka ce za su yarda da abin da iyayensu suka faɗa, in dai da muryarsu ne. Aka aiko mini, na je, na tsaya a gaban mutane na ce, "Tana wurina, a adane." Na ce a adane, Uwata, har da ɗaga hannu.

Kuskurena na farko ya girme ki. Lokacin da na fara taɓa na'ura a buro, ofishin jaridarmu a Yamai, diski faifai ne mai juyawa, da allura mai bin sa tana nemo rubutu. In guntayen labari ɗaya suka watsu a wurare daban-daban, sai na'ura ta yi nauyi, kamar mai gidan da ya zuba hatsinsa a rumbu biyar kowane a wata unguwa, kafin ya haɗa tiya ɗaya ƙafa ta gaji. Mai kula da na'urorinmu ya koya mana harhaɗa guntayen wuri guda, abin da suke kira defragmantasiyo. Kowace Juma'a muke yi. Ina son kallonsa. Ƙananan murabba'ai masu launi suna tashi suna jeruwa, ja yana komawa shuɗi, har allo ya yi fes. A wancan zamani daidai ne, na'ura tana yin sauri da gaske.

Da kika cire mini tsohon diski kika sa sabo, na ɗauko al'adar na ɗora masa ban tambayi kowa ba. SSD ba shi da faifai, ba shi da allura. Ko'ina rubutu yake, tafiya ɗaya ce gare shi, don haka harhaɗawa ba ta ƙara masa saurin da za a gani. Abin da yake da shi kuwa shi ne iyaka: kowane gurbi a cikinsa yana da adadin rubutun da zai ɗauka kafin ya gaji, kamar gonar da ba a kai mata taki, kowace shuka tana rage mata ƙarfi. Harhaɗawa kuma ba komai ba ce illa ɗauke rubutu daga wannan gurbi a sake rubuta shi a wancan, sau dubbai. Kowace Juma'a ina zaune ina shan shayi ina kallon launuka, ina cinye kwanakin diskin, ina jin na yi tsabta.

A kan wannan ga abin da zan ce miki. Duk al'adar aiki da aka koya miki, ki nemi dalilinta tare da ita. Ranar da aka sake kayan aiki, ki koma ki duba ko dalilin yana nan. Ni na riƙe Juma'ar, na manta da allurar.

Na biyu ya fi mini ciwo, kuma kin san shi. Wata Juma'a bayan an sauko masallaci ina zaure da Malam Isufu, abokina tun muna yara ƴan makaranta a lakwal, kika shigo da tire kika ga allon.

Kika ce, "Baba, wanga diski ba a yi mai haka."

Na ce, "Ba a yi mai mi?"

"Ba a harhaɗa shi. Gajiyar da shi ake. TRIM ake bari ta yi aikinta, na riga na duba, a kunne take."

Isufu ya ajiye kofi ya yi dariya. "To, babban ɗan jarida, yau an yi maka gyaran kuskure a shafin farko! Ɗiyata, faɗa mai, mu mun gaji da shi."

Wasa yake yi, irin wanda muka saba shekara arba'in. Amma ni kunnena ya yi zafi. Na ce miki, "Tun ba a haife ki ba nake taɓa na'ura. Ajiye tiren ki koma ciki."

Kika ce, "To, Baba." Kika durƙusa kika ajiye, kika fita. Ba ki sake ɗaga maganar ba har yau. Isufu ma sai ya ɗauko zancen farashin raguna.

Na kori mai sunan uwata daga zaure a gaban baƙo don ta faɗi gaskiya. Da mahaifiyata na da rai da ta ja mini kunne a gaban Isufun. Daga ranar nan na lura in kin ga wani abu ba daidai ba a na'urata sai ki kau da ido. Ni na koya miki wannan kau da idon, kuma shi ne abin da nake so ki bari a Dakoro, kada ki tafi da shi. Inda za ki akwai manya irina da yawa, masu furfura da takardu. Ki gaishe su yadda aka koya miki, ki jira baƙo ya tashi in da hali, sannan ki sake faɗa. In aka kore ki, ki rubuta a takarda ki ajiye musu. In kuma wata rana ke ce babba, ƙarami ya gyara miki a gaban mutane, ki tuna da ni a zauren nan, ki ce masa ya nuna miki.

Na uku ba ki san shi ba. Bayan la'asar ta ranar na shiga intanet na karanta. Ba gaskiya na je nema ba, mai goya mini baya na je nema. Duk inda na buɗe, maganarki na tarar. Sai a ƙasan wani dogon bayani na ga layi guda: in TRIM tana kunne, abin da aka share da wuya a dawo da shi. Na yi murna kamar na tsinci kuɗi. Na ce to ga illar abin da yarinya take yabo. Na nemo yadda ake kashe ta, na kashe, na tsayar da gyaran mako-mako da na'urar take yi da kanta, na ci gaba da amfani da tsohon shirin harhaɗawa da na taho da shi daga Yamai.

Yanzu da na karanta bayanin har ƙarshe, ga yadda na fahimce shi, in na yi kuskure ki gyara. Kin san yadda ake yi a nan bayan girbi: ana shelar sakin gonaki, makiyaya su san wace gona ce aka gama da ita, su shigar da dabbobi su cinye kara, ƙasa ta kimtsu kafin damina. TRIM ita ce wannan shela. In aka share wani abu, na'ura tana sanar da diski cewa gurbi kaza da kaza an sake su, shi kuma ya share su a lokacin da ba shi da aiki, ya ajiye su a shirye. In babu shela, diski yana ɗaukar kowane tsohon kara a matsayin amfanin gona. Yana ta jigilarsa daga wuri zuwa wuri yana tsaronsa, in sabon rubutu ya zo sai ya tsaya neman fili. Sai ya yi nauyi, ya kuma ƙara rubutun banza a kansa.

Haka kuwa aka yi. Bayan watanni na'ura ta fara jan ƙafa. Na cika diskin da muryoyi har ya rage ɗan kaɗan, abin da shi ma ba a so. Da na ga nauyi, sai na ce harhaɗawar ce ba ta isa ba, na mai da ita sau biyu a mako, daga baya duk ranar da raina ya ɓaci. Jakin ya gaji, ni kuma ina ƙara masa kaya don ya warke.

Layin da na karanta gaskiya ne. Abin da ya biyo bayansa shi ne na ƙi karantawa: maganin share abu bisa kuskure kwafi ne a wani wuri, ba kashe TRIM ba. A jarida mun sha korar matasa saboda sun yanko rabin maganar mutum sun bar rabi. Ki kiyayi karatun da ake yi da fushi. In kin ji daɗin wani layi fiye da kima, ki koma ki karanta wanda ke gabansa da wanda ke bayansa.

Na huɗu gajere ne. Kin kawo mini kile sabo, ɗan ma'ajin nan da ake soka wa na'ura a gefe, kika ce in riƙa zuba muhimman abubuwa a ciki. Yana cikin aljihun tebur har jiya, a ledarsa, ban fasa ba. Fasa shi a ganina kamar amsa laifi ne. Katin na'urar ɗaukar murya kuma na share shi tun a makon, na ɗauki wa'azin wani malami a kai. Ni da na koya wa mutane cewa labari mai majiya ɗaya ba labari ba ne, na ajiye amanar ƙauye guda a kwafi ɗaya.

Jiya Lawali ya kira ni. Ga yadda muka yi, kamar yadda na rubuta a littafina.

"Baba, ina wuni. Wa ya kashe TRIM cikin na'urar ga?"

"Ni."

"To. Wanga tsohon shiri kuma na defragmantasiyo, wa ka aiki da shi?"

"Ni ne dai."

 Sannan ya ce, "Baba, babu yaro a gidan da ya san na'ura?"

Na ce akwai.

Don in yi wa labarin adalci, ya ce ba zai rantse cewa aikina kaɗai ya kashe diskin ba. Akwai zafin garinmu, akwai ɗauke wuta ba sanarwa, kuma diskin ba na sahun farko ba ne. Wani diskin zai jure abin da na yi shekaru masu yawa. Na rubuta miki wannan don shi ma gaskiya ne. Amma zafi da wuta ba a hannuna suke ba. Abubuwa huɗu da ke hannuna, duka huɗun na yi su a karkace.

Saura na ƙarshe. Ranar kasuwar da ta wuce, na'urar ta riga ta fara gardama, Altine ya tsaya a ƙofar gida da sandarsa a wuya ya ce, "Malam, muryar Baffa na nan dai?" Na ce tana nan lafiya lau. Ya yi godiya, ya bar mana ƙwaryar nono. Kin sha shi, na kasa sha.

Shekaranjiya na neme shi a kasuwar shanu, na ja shi gefe bayan turken raƙuma na gaya masa komai. Ya daɗe yana zane a ƙasa da bakin sanda.

Ya ce, "Baffa bai yarda da takarda ba, Malam. Ya ce takarda gara ka cin ta. Shi ya sa ya ba ka murya."

Na ce na sani. Na ce ina da abin da na rubuta a littafi ranar, zan iya karantawa a zaman.

"Ƴaƴan Ɗan Ladi muryar ubansu suka sani, ba rubutunka ba. Kuma suna da gaskiya." Ya ɗago ya dube ni. "Ni na san ka. Ba zan ce ka ci amana ba. Amma ƙannena ba su san ka ba. In ka zo hannu banza, cewa za su yi Bahaushe ya rufa wa ɗan'uwansa asiri. Wata biyu ina riƙe da su da maganar muryar nan. Ban san da mi zan riƙe su ba."

Bai ɗaga murya ba. Da zai tafi ma sai da ya tambayi lafiyarki, ya ce ya ji ɗiyar Malam za ta babbar makaranta, Allah ya ba da sa'a. Na fi son da ya zage ni.

Ƙaryar da na yi masa ta kwana shida ce, wadda na yi miki ta kwana huɗu. Ba su gyara ko harafi ɗaya a cikin diskin ba, sun dai rage wa Altine kwanakin da zai shirya ƴan'uwansa. In abu ya lalace a hannunki, na makaranta ne ko na wani, ki faɗa a ranar, ga mai abin, da bakinki.

Game da taki na'urar, kin fi ni sani, amma uba ba ya rasa abin cewa. Ki bar TRIM a kunne. Ki bar na'urar ta yi gyaranta na mako da kanta, ta san bambancin diski mai faifai da marar faifai. Kada ki bar wani dattijo ya sa miki tsohon shirin harhaɗawa, ko da ya rantse ya taimake shi a zamaninsa, don da gaske ya taimake shi. Kada ki cika diski har wuya, ki bar masa fili. Ki ɗauke ta daga rana da kan katifa. Abin da ba za ki iya sake samu ba, ki ajiye shi wuri biyu, ɗaya ba a ɗakinki ba. Abin da wani ya ba ki amana kuwa, wuri uku.

Yanzu ina da roƙo, kuma na san ban cancanci yin sa ba. Motarku za ta sauke ku a Maraɗi kafin ki kama ta Yamai, akwai awa uku a tsakani. Shagon Lawali yana kusa da tasha, na rubuta kwatance a bayan ambulan. Kilen yana cikin ambulan ɗin, a ledarsa. Ki fasa. Ki saurari abin da ya ciro, ki zuba a kile, ki zuba a taki na'urar, ki bar kwafi a wurinsa, ki ba direban Dakoro kilen ya kawo mini. Kin san muryar tsoho Ɗan Ladi, kin ji ta lokacin da nake shirya shirin. Duk abin da kika tarar, ki kira ni ki faɗa mini yadda yake, kada ki sassauta don ni ne. Wannan karon zan saurara har ki gama.

Ki yafe mini maganar zaure, Uwata. Na gaya wa Isufu ma cewa ke ce da gaskiya, ya ce ya sani tun ranar.

Allah ya yi miki albarka. Ya tsare ki daga sharrin hanya da na mutane, ya buɗe miki karatu, ya ba ki abokai na gari, ya maido mana da ke lafiya. Ki riƙe salla a kan lokaci. Innarki ta sa miki kilishi da ƙuli-ƙuli a ƙasan jaka, ta ce kada ki rabar duka a mota.

Mahaifinki.

Lawali ya sake kira yanzu bayan azahar. Ya ce ya ciro hirar, tsawonta ya nuna minti hamsin da biyu, ya saurari minti uku na farko kuma ana jin tsofaffin suna gaisawa. Ya ce akwai wuraren da diskin ya ƙi karantuwa a tsakiya, bai san inda suka faɗa ba. Maganar burtali tana wajen minti na talatin da takwas. Har yanzu babu wanda ya kai can.